Mai rubuta littafi huɗu ya buɗe wa mutanensa kundi tun kafin na ɗaya ya fita

Assalamu alaikum Malam Edita. Muna gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, muna kuma roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da marubuta ƙagaggun labarai, musamman masu labari mai dogon zango wanda ake fitarwa kashi-kashi, littafi na ɗaya zuwa na huɗu ko fiye. A nan arewacin Kamaru ana karanta irin waɗannan littattafai ƙwarai. A da sai 'yan kasuwa sun ɗauko su daga Kano sun biyo da su ta Yola ko Mubi. Yanzu kuwa shafin da marubuciya ta saki a zauren WhatsApp bayan isha'i, kafin gari ya waye an karanta shi a Garwa da Marwa da Ngaundere, har Njamena. Matasanmu na nan su ma sun fara rubutawa, kuma da su muka fi yin wannan magana, ko da yake ta shafi kowa.

Ƙorafin da ake yawan ji a bakin masu karatu shi ne, littafin ya faro da daɗi amma daga na uku ya watse. In ka bi diddigi za ka tarar labari bai ƙare wa marubucin ba, rikici ma ya fi na farko yawa. Mutanen ne suka kuɓuce masa. Yarinyar da aka bari tana da shekara tara a ƙarshen na ɗaya, ga ta ana kai lefenta a tsakiyar na biyu, alhali yayarta da aka bari da cikin wata uku har yanzu ba ta haihu ba. Surukar da ta rantse ba za ta sake taka gidan ɗanta ba, ga ta zaune a tsakar gidan tana tankaɗe, ba wanda ya je biko, ba wanda ya ba da haƙuri. Abin da ke riƙe mutum a dogon labari shi ne abin da ke tsakaninsa da sauran mutanen gidan: wa yake bi, wa ke bin sa, me aka yi masa bai manta ba. Wannan kuwa ya fi ƙarfin a riƙe shi da ka. Mai shagon da ke ba mutanen unguwa bashi ba ya dogara da ƙwaƙwalwarsa, littafi yake buɗewa, kowa da shafinsa. Haka ya kamata mai rubutu ya yi.

A sami littafin rubutu mai kauri irin na 'yan makaranta. Takarda ta fi waya a wannan aiki, don ana iya shimfiɗa shafi biyu a duba su tare. Duk wanda zai buɗe baki a fiye da babi biyu a ba shi shafinsa. A layin farko a rubuta shekarar da aka haife shi, kada a rubuta yawan shekarunsa. “Tana da shekara goma sha bakwai” magana ce da ke aiki a babi guda, ta tashi aiki da zarar an ce “bayan shekara biyu”. In kuwa an rubuta 1998, kowane babi aka shiga sai a ɗebe, lissafi ya fito da kansa. Daga nan sai sunan yanka da sunan da gida ke kiransa, inda ya yi karatu da inda ya tsaya, harsunan da yake ji, tabo ko ciwon da yake fama da shi, abin da yake nema wanda kowa ya sani, da abin da yake tsoro wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Kalmomin da suka zauna masa a baki kada su wuce biyu ko uku. In sun yi yawa ya zama ɗan wasan barkwanci.

Akwai layin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ya fi amfani: daga ina kuɗin cefane ke fitowa? Za a ci shafi guda ana siffanta dogon hanci da gashin da ya sauka gadon baya, amma a ce jarumi “hamshaƙin ɗan kasuwa ne” a wuce, ba a san abin da yake sayarwa ba. Alhali sana'a ce ke yanke wanda ke gida da wanda ba ya gida. Direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kusiri da Njamena, kwanaki yake yi ba a gan shi ba, saboda haka matarsa ta fi zama da uwarsa fiye da zama da shi, kuma labarin gidan a tsakanin matan biyu yake. Mai fataucin albasa daga Marwa yana da watannin wadata da watannin da hannunsa ke ƙafe, kuma ba a cikin watan wadata ake sakin mace saboda kuɗin sabulu ba. Malamin makarantar da gwamnati ta tura wani ƙauye mai nisa, sai hutu yake ganin 'ya'yansa. Duk wannan ya shiga shafin mutum tun kafin a rubuta babin farko.

Sai asalin gida. A zana shi hawa uku, kakanni da iyaye da 'ya'ya, a nuna kowane ɗa daga wane ɗaki ya fito. A nan ne sunaye ke kama marubuci. In ka kira yaro Gambo ka riga ka gaya wa mai karatu cewa tagwaye yake bi, to ina suke? Ko suna raye ko sun rasu, dole a sani. In ka kira yarinya Auta a littafi na ɗaya, ka rufe wa uwarta haihuwa, ko kuma ka shirya wa ranar da za a yi mata ƙani tana budurwa, wanda shi ma labari ne mai kyau in da niyya aka yi shi. Yaron da ake kira Abba sunan kakansa ya ci, saboda haka sunan kakan da na yaron su zo ɗaya a kundi. A kuma guji tara sunaye masu farawa da sauti ɗaya a cikin manyan taurari. Hafsa da Hauwa da Hassana da Hajara a gida guda, ido ma yana rikicewa, balle kunnen mai saurare idan ana karanta littafin a rediyo.

Yawan mutane shi ma da lissafinsa. Mutum shida, in ka haɗa su bibbiyu, dangantaka goma sha biyar ke tsakaninsu. Mutum goma, arba'in da biyar. Mutum ashirin, ɗari da casa'in. Ba marubucin da zai iya renon wannan duka, shi ya sa gidan da aka cika da 'yan'uwa da ƙawaye da abokan ango yakan koma jerin sunaye masu shiga su gaisa su fita. A zaɓi dangantaka huɗu ko biyar da za su ɗauki nauyin labarin tun daga farko har ƙarshe, a buɗe wa kowace shafinta dabam da na mutanen. A shafin a amsa tambaya uku: me wannan ke so daga wancan, me yake jin ana bin sa, kuma mece ce maganar da ba zai iya faɗa masa ba ko da wuƙa a wuya. A ƙasa a ja layi ɗaya wa kowane littafi, a rubuta inda suke a farkonsa da inda za su tsaya a ƙarshensa. In layin na biyu ya zo daidai da na uku, to littafi na uku bai yi wa waɗannan mutum biyu komai ba, maimaici aka sayar wa mai karatu.

Bari mu ƙago gida ɗaya don a ga yadda abin ke tafiya. A ce wani dillalin shanu ne a Garwa. Uwargidansa na da 'ya'ya uku, duk mata. A 2010 ya auro bazawara, ta tare da ɗanta na fari wanda aka haifa a 2005. Yawancin marubuta za su tafi kai tsaye ga kishi tsakanin matan biyu, su yi ta juya shi har littafi huɗu. Mu a ganinmu dangantakar da ta fi nama a gidan ita ce ta uwargida da agolan. Amma tun kafin a fara akwai tambayar da mai karatu zai yi: me ya sa yaron ke hannun uwarsa? A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa in ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙo yana komawa ga kakarsa ta wajen uwa, a al'ada kuma sau da yawa dangin uba ke karɓe abinsu. To sai an faɗi dalili: uban ya rasu, kakar ba ta da ƙarfi, dangin uban sun yi ko oho. Jimla biyu sun isa, amma sai an rubuta su, domin waɗannan dangin da suka yi shiru za a buƙace su daga baya.

A littafi na ɗaya uwargida ba ta kiran sunansa. “Yaron nan” take cewa, ko “ɗan gidanku” in da amarya take magana. Ba duka, ba zagi, kwanonsa ne kawai ake ajiyewa gefe. Abin da ke cin ta shi ne ta ga maigida na riƙe hannun yaron zuwa kara ranar kasuwa, abin da bai taɓa samun wanda zai yi da shi ba. Ita kuwa uwar yaron ba ta iya tsaya masa, don ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko kiran sunansa balle ta tare masa faɗa a gaban mutane. Ka ga al'ada da kanta ta buɗe gurbin da labarin zai shiga, ba sai an ƙago mugunta ba. A na biyu, 2012, amarya ta haihu, ta tafi wankan gida kwana arba'in ta bar yaron. Damina ce, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi cikin dare, maigida ba ya gari. Uwargida ta goya shi zuwa asibiti. Kada a ce tausayi ne ya kama ta nan take, ba wanda zai yarda. Tsoron abin da za a ce in ya mutu a hannunta ne ya tashe ta. Amma ta sayar da 'yan kunnenta ta biya magani, ta kuma ɓoye wa kowa. Yaron kaɗai ya gani. Daga ranar akwai abin da su biyu suka sani wanda uwarsa ba ta sani ba, kuma kwanon ya ci gaba da zama a gefe, don mutum ba ya sauya hali a dare ɗaya.

A wannan littafi na biyu akwai shawarar da marubuci zai yanke wadda yake gani ƙarama ce, alhali ita ce za ta mallaki na uku: abin da amarya ta haifa, namiji ne ko mace? A ce maigida ya rasu a 2015, iyayensa sun riga shi, bai bar wasiyya ba, kuma bayan an biya bashi shanu 120 suka rage. Matan biyu za su raba tumuni, wato shanu 15. In namiji ta haifa, sauran 105 za a kasa biyar, shi ya ɗauki 42, kowace 'ya mace 21, 'yan'uwan mamaci kuwa ba su da ko kofato, ɗa namiji ya shamakance su. In mace ta haifa, 'ya'ya mata huɗu za su raba kashi biyu cikin uku, shanu 80, kowace 20, ragowar 25 su tafi ga 'yan'uwan mamaci. A duba da kyau. Uwargidan da ta kwana tana fargabar kishiya ta haifi namiji, 'ya'yanta 63 za su samu in namijin ne, 60 in mace ce. Wanda haihuwar namiji ta yi wa asara shi ne baffan yara, wanda yake ta shigowa gidan yana nuna shi na uwargida ne. Marubucin da ya zauna ya yi wannan lissafi ya samu mugun mutumin da labarinsa ke buƙata a kyauta, da dalilinsa a hannu. Agola kuwa ko a wane hali ba shi da gado a gidan.

Littafi na uku ke nan ya gina kansa. Matan biyu na takaba wata huɗu da kwana goma a gida ɗaya, ba mijin da za a yi kishi a kai, ba kuma hanyar guje wa juna. Dangin uban agola, da suka ji babu mai ciyar da shi, ko suka ga ya kai shekara goma zai iya kiwo, sun zo ɗaukarsa. Uwarsa ba ta da bakin hanawa. Wadda ta ce “ba inda za shi” ita ce uwargida, kuma sai maganar ta ci mata wani abu da mai karatu zai gani da idonsa: ta ɓata da baffan yara, ta ɗauki nauyin karatun yaron daga rabonta. Sai a na huɗu, 2022, yana da shekara goma sha bakwai, za a ji ya kira ta Inna, a ji ta kira sunansa, kuma a ga yadda abin ya soki uwar da ta haife shi, wadda kunya ta hana ta abin da kishiyarta ke yi a fili. A lura cewa kowane sauyi ya bi matakai uku, an shuka shi a wani babi, an matsa masa lamba a wani, an biya kuɗinsa a na uku, kuma tsakani akwai komawa baya aƙalla sau ɗaya.

Wannan gida yana da wata ƙofar da marubuci zai iya bari a buɗe ko ya rufe, amma ya san da ita. Agolan da ƙaramar 'yar uwargida ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya, aure ya halatta tsakaninsu duk da ta tashi tana ce masa Hamma, wato yaya da Fulatanci. Da an kawo shi yana jariri uwargida ta shayar da shi, da ƙofar ta rufu har abada. Shekarar haihuwar da aka rubuta a layin farko na shafinsa ce ta yanke wannan.

Yadda mutane ke kiran juna shi ne ma'aunin da ya fi sauƙin dubawa, don haka a yi masa jadawali a tsakiyar kundi: sunaye a jere ta sama, sunaye a jere ta gefe, a kowane gurbi na jadawalin a rubuta abin da na gefe ke kiran na sama. Matar da ke cewa Malam, ko Alhaji, ko Baban wance, ranar da ta kama sunan mijinta gatsal a gaban mutane an yi girgizar ƙasa a gidan, kada marubuci ya bari ta faɗa da kuskure a babi na bakwai don ya manta. Jika na tsokanar kaka, taubasai na yi wa juna ba'ar da ba za a yarda wa da ƙani su yi ba, facaloli suna da nasu irin zaman. Duk lokacin da kira ya sauya a rubuta lambar babin a gefe.

Mu nan muna da wani abu da marubutan Kano ba su cika samu ba, wato yawan harsuna a gida ɗaya. A Garwa mutum zai yi Hausa a ɗaki, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta da ofis. A Njamena Larabcin Chadi ne ke haɗa mutane a titi. A rubuta a shafin kowace dangantaka da wane harshe suke magana, da wanda suke juyawa in rai ya ɓaci. Ba sai an cika shafi da Faransanci ba, ya isa a ce “ta juya harshe zuwa Fulatanci don kada amarya ta ji”. Sai dai wanda ya rubuta wannan a littafi na ɗaya ya ɗauki alkawari. Matar da ta shekara biyar a Garwa tana zuwa biki da suna dole ta fara ji, kuma ranar da za ta mayar da amsa da harshen da ake gulmarta da shi babi ne sukutum, kada a yi asararsa.

Muna kuma roƙon matasanmu su daina aro rayuwar Najeriya suna ɗora wa mutanen Marwa. A Kamaru babu bautar ƙasa ta shekara guda bayan jami'a, saboda haka ba a can jaruma za ta haɗu da jarumi ba. A tsarin karatun Faransanci da ake bi a yankinmu firamare shekara shida ce, sakandare bakwai, da jarrabawar BEPC bayan shekara huɗu, ta probatuwar bayan shida, ta bak wadda ake kammala sakandare da ita a ta bakwai. Agolan can in ya shiga aji ɗaya a 2011 bai maimaita ba, a 2021 zai zauna BEPC. Rigimar aure da gado sau da yawa tana bi ta wajen manyan dangi da liman da fadar Lamido kafin a yi zancen kotu. Auren da aka sa wa hannu a ofishin magajin gari kuwa ana rubuta zaɓin miji a takarda, mace ɗaya ko fiye da ɗaya, kuma mutumin da ya sa hannu kan mace ɗaya sannan ya ƙaro ta biyu a masallaci ya dasa rikicin da zai iya ɗaukar littafi guda. Masu rubutu daga Najeriya da ke son turo taurarinsu wajenmu su ma su sani, da sefa ake ciniki, kuma jirgin ƙasa daga Yawunde a Ngaundere yake tsayawa, mai zuwa Garwa sai ya ƙarasa a mota.

Kalanda ma tana kama mutane. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, don haka azumi yana zuwa da wuri kowace shekara. Na 2012 ya kama a Yuli zuwa Agusta, tsakiyar damina. Na 2022 a Afrilu aka yi shi, lokacin da zafin Garwa ke kan ganiyarsa. Labarin da ya ci shekara goma sha biyu amma kowane azumi a cikinsa ana rawar sanyi, ya nuna marubucin bai buɗe kalanda ba. Haka idda. Matar da aka saka ba za a ɗaura mata aure bayan mako biyu ba, sai ta yi tsarki uku, in tana da ciki sai ta haihu. Wadda aka yi wa saki uku ba ta komawa don kawai miji ya zo yana kuka a babin ƙarshe. A ware shafi biyu a kundi, kowace shekara layi guda, a jera haihuwa da aure da saki da mutuwa da tafiya.

Shafi na gaba na sirri ne. Kowane sirri a labarin a rubuta wa ya san shi, tun daga wane babi, kuma daga bakin wa. Kuskuren da ke faruwa a nan shi ne marubuci ya daɗe da sanin abu har ya manta cewa jarumarsa ba ta sani ba, sai a ga tana fushi da ƙawarta kan maganar da aka yi ba ta wurin. Zancen 'yan kunnen uwargida, alal misali, mutum biyu suka san shi tun 2012. Ranar da na uku zai ji, da bakin da zai ji daga gare shi, a yanke su tun da wuri.

Yanzu ga gajerun hanyoyin da ke kashe dangantaka, kuma babbarsu asiri. Miji ya wulaƙanta matarsa littafi uku, a na huɗu a tono laya a bayan ɗaki, a ce ai ba yin kansa ba ne. Matsalar ba ta ko akwai sihiri ko babu ba ce. Matsalar ita ce an cire wa mutumin alhakin abin da ya yi, don haka ba shi da abin da zai tuba a kai, matar ba ta da wanda za ta yafe wa, duk hawayen da mai karatu ya taya ta zubarwa ya tashi a banza. In za a sa asiri a labari, a tsaya kan mutanen: wa ta je wurin boka, me ta sayar ta biya, wa ake zargi bisa kuskure, kuma mugun halin da mijin ke da shi tun kafin a binne layar. Haɗarin mota da ke goge tunani, da ciwon ajali da ke sa muguwar suruka kiran kowa ta nemi gafara a shafi biyu na ƙarshe, duk aikinsu ɗaya, suna ɗauke wa marubuci wahalar rubuta babin da mutum biyu za su zauna su faɗa wa juna magana mai ɗaci. Shi kuwa wannan babin shi mai karatu ya biya kuɗi yana jira.

Masu sakin labari kullum a waya suna da ƙarin jarrabawa, don masu karatu na tsaye a kansu. Yau a ce a kashe kishiya, gobe a ce a bar jaruma ta auri ɗan'uwan mijin. Sauraren masu karatu yana da amfani wajen gane inda ba a fahimta ba, amma wanda ke rubuta shafin gobe a daren yau, ra'ayin wanda ya fi surutu a zaure zai bi ko bai so ba. Maganinsa a riƙa tazarar babi goma aƙalla tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka saki, kuma layin ƙarshen kowace dangantaka ya riga ya shiga kundi. Sabon mutum in zai shigo, kada su wuce biyu ko uku a littafi, kuma a ambaci sunansa littafi guda kafin a gan shi. Kawun da ke Njamena wanda zai zo ya warware rikicin gado a na uku, a ji an aika masa goron suna a na biyu.

Kafin a saki kowane sabon littafi a yi dubawa iri biyu. Ta farko, a ɗauki mutum ɗaya, a nemo sunansa a waya ko kwamfuta tun daga littafi na ɗaya, a karanta maganganunsa kaɗai a bayyane, a jere, ba tare da na kowa ba. In an rufe sunan an kasa bambanta muryarsa da ta abokinsa, sai a koma a gyara. Ta biyu, a ba wanda bai karanta na baya ba babi uku na farko, a tambaye shi wa ke jin haushin wa, kuma wa ke tsoron wa. In ya amsa daidai ba tare da an yi masa shafin tuni ba, mutanen sun shigo da kayansu. In ya kasa, ba dogon bayanin “a baya mun tsaya” za a ƙara ba. A sake rubuta shigowar kowa ta yadda za a same shi yana cikin aikinsa, wani ya kira shi da sunan da ya saba kiransa, shi kuma ya amsa ko ya ƙi amsawa.

Mun gode da filin, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu masu duba rubutu kafin a buga,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.